Wa Ya Hau Dutsen Kazaure? Sharhi a kan Rubuce-rubucen "Garinmu"

A fitowarmu ta baya mun roƙi 'yan ƙungiya da kowa ya rubuto mana wani abu a kan garinsu, ya nuna wa baƙo abin da zai gani da inda zai je in ya sauka. Alhamdu lillahi, an amsa kira. Daga cikin abin da ya zo hannunmu, kaso mai kauri daga ƙasar Kazaure ya fito, har da Roni da Gwiwa, sai kuma maƙwabciyarsu Babura. Mun ji daɗin haka, domin kuwa Kazaure tana cikin 'yan garuruwan Hausa da duwatsu suka rungume, ga kuma tarihi. Muka gyara zama da tsammanin za a kai mu kan tudu a nuna mana gari.

Sai dai kash, da muka gama karatu muka tarar ba mu je ko'ina ba. Ba za mu kama sunan kowa ba, don ba tozarta wani muke nufi ba, kuma laifin namu ne gaba ɗaya. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gwajin da muka yi

Wani ɗan gwaji muka yi mai sauƙi, wanda kowane marubuci zai iya yi wa kansa. Mun ɗauki rubutun, muka soke sunan Kazaure duk inda ya fito, muka sa Gumel a madadinsa, sannan muka sake karantawa. In aka cire jerin sunayen sarakuna, babu jimlar da ta yi gardama. Muka sa Daura, haka. Rubutun da zai zauna daram a kan kowane gari, to, ba a kan wani gari aka yi shi ba.

Zubin kusan iri ɗaya ne. A fara da iyakokin gari, gabas da yamma, kudu da arewa. A kawo sunayen sarakuna da shekarunsu. A jera makarantu da asibitoci da ofisoshin hukuma, a tuna mana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. A ce mutanen garin masu karamci ne da son baƙi, manoma ne da makiyaya. A rufe da addu'a ga shugabanni. Duwatsun kuwa, waɗanda su ne farkon abin da matafiyi ke gani in ya biyo hanyar Kano zuwa Daura ya wuce Dambatta, layi ɗaya suka samu, wai Allah ya albarkaci garin da duwatsu masu ban sha'awa. Wane irin sha'awa? Wane launi gare su? Ta ina ake hawa? In an hau me ake hangowa? Shiru.

Duk abin da aka jera gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma wannan aikin magatakarda ne, kuma magatakarda ya fi mu iya shi. Mai karatu ya zo wurin marubuci ne don ya ara masa ido da ƙafa.

Dutsen da tarihi ya jingina da shi

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, sunan garin kansa darasi ne a kan siffantawa. Labarin baka da aka gada ya ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya fito daga wajen Dala ya tarar da wani kwari da tuddai suka kewaye, ga ruwa ga namun daji, ya zauna. Da mutanensa suka biyo sawu suka ga wurin, sai wani ya ce wurin nan kamar zaure, daga nan sunan ya samo asali. Ko labarin ya faru haka ko bai faru ba, wanda ya fara faɗarsa marubuci ne ba da alƙalami ba. Ya ɗauki abu babba da ido bai saba da shi ba, ya kwatanta shi da abin da kowane Bahaushe ke shiga kullum, mai bango ta kowane gefe da ƙofar shiga da ta fita. Kusan duk waɗanda suka rubuto mana sun kawo wannan labari, amma ba wanda ya tsaya ya duba ko har yau garin yana kama da zauren, ko ta ina ƙofofinsa suke.

Haka abin yake a ɓangaren tarihi. An rubuto mana cewa Ɗantunku ne ya kafa masarautar wajen shekarar 1819, daga yankunan da ke tsakanin Kano da Katsina da Daura. Cewa ya yi shekaru yana gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani a 1824 ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Cewa ɗansa Dambo, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ne ya zaunar da mulki a garin Kazaure. Duk an kawo, an jera kamar jadawalin jarrabawa. Tambayar da ba a yi ba ita ce, yaya aka yi ƙaramar masarauta ta rayu tsakanin manya, ga Kano ta kudu, ga Damagaram tana kawo hari ta arewa? Marubucin da ya hau tudu da sassafe ya dubi yadda hanyoyi ke matsewa kafin su shigo gari, zai fara fahimtar abin da mai gudun dawakin abokan gaba ke nema a irin wannan wuri. A nan ne shekarar 1824 za ta tashi daga lamba ta zama labari. Tarihin Kazaure a jikin duwatsun nan ya jingina, wanda ya raba su ya zubar da rabin kowanne.

Wadda ta fita daban

Rubutu ɗaya ne ya ci gwajinmu, na wata 'yar ƙungiya da ta ce wannan ne karon farko da ta aiko da wani abu. Ba ta kawo sunan sarki ko ɗaya ba. Labarin kai wa mahaifinta abinci a lambunsa na rani a bakin dam ta bayar, tun tana yarinya. Ta faɗi yadda hazon hunturu ke ɓoye kan tudu da safe har sai rana ta ɗaga, da yadda take gane lokaci ta wurin inuwar dutse in ta kai wata bishiyar giginya. Ta kawo warin albasa da aka yi wa ban-ruwa, da masunta suna jan koma, da yadda kiran sallar La'asar ke dukan dutse ya dawo har yaro ya ɗauka ladanai biyu ne. Da muka sa Gumel a wurin Kazaure a nata rubutun, nan take ya rushe. Wannan shi ne yabon da ya fi kowanne.

Ba mu ce ba ta da gyara ba. Ta ɓata ƙarshen da wa'azi mai tsawo a kan biyayya ga iyaye, alhali labarin ya riga ya yi wannan aiki tun sa'ad da ta nuna mana kanta ɗauke da kwano a ka cikin sanyi. Kuma ta manta da baƙon da aka ce a yi wa jagora, ba ta gaya masa ta ina zai bi ya isa wurin ba. Amma waɗannan ana gyara su da jan biro. Idon da take da shi kuwa ba a sayensa a kanti.

Roni, Gwiwa da Babura

Na sauran garuruwan sun fi ba mu tausayi, domin masu su kamar kunyar garuruwansu suke ji. Na Roni da na Gwiwa sun cika shafukansu da labarin fadar Kazaure, sai ka ce babu abin faɗa a ƙauyukan da ke maƙale a gindin duwatsu, ko a kasuwannin mako da ake haɗuwa da mutanen ƙasar Katsina. Na Babura, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, ya yi ta ba da haƙuri cewa su ba su da wuraren kallo. Ashe? Mutum ya taso daga ƙasar dutse da safe, kafin azahar ya tsinci kansa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi dab da iyakar Nijar, inda gero da dabbobi da harshe ke tsallake iyaka ba su san da ita ba, a ce babu abin kallo? Wannan sauyi daga dutse zuwa yashi cikin tafiyar rabin yini, shi kaɗai ya isa maƙala guda.

Daga ina cutar ta samo asali?

In muka waiwaya, za mu ga Bahaushe ya iya rubutun tafiya, amma ya fi buɗe ido in ya bar gida. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani, aka buga shi cikin Magana Hausa na Schön a 1885. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Duk baƙon abu ne ya ja alƙalaminsu. Da aka juyo gida kuma, kamar a Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, tarihi da sarauta ne suka fi rinjaye, kuma wannan tafarki ne marubutanmu na "garinmu" suka bi ba tare da zurfin binciken Dokaji ba.

A ƙagaggen labari ma haka. Garuruwan Ruwan Bagaja dandamali ne kawai da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke wasansu a kai, kuma irin wannan labari bai bukaci fiye da haka ba. A Shaihu Umar ne muka ga wuri ya zama tauraro, inda hamada da guguwar rairayi suka yanke wa ayari hukunci. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga ƙarshen shekarun 1980 sun yi abin a yaba, sun sa mata da matasa karatu, sun taɓo matsalolin aure da ba a taɓa ba. Amma mafi yawansu a falo da cikin mota suke faruwa. Marubuci zai ci shafi biyu yana siffanta kujeru da labule, in jarumi ya kama hanya kuwa sai a ce bayan awa biyu suka iso. Yau kuma da labarai suka koma cikin waya, jaruman sun ƙaura Dubai da Landan, garuruwan da yawancin masu rubutun ba su taɓa takawa ba. Yarinyar da ta tashi a Roni ta san otal-otal na Dubai a takarda, ba ta taɓa ganin dutsen bayan gidansu a cikin littafi ba. Me muke koya mata game da darajar inda ta fito?

Wani zai ce hawan dutse don kallo al'adar Bature ce. To, mu dubi abin da alƙalami ya yi wa Baturen. Johanna Spyri ta buga Heidi a 1880 da 1881, labarin wata marainiya a duwatsun da ke saman wani ɗan gari mai suna Maienfeld a ƙasar Suwizalan. Har yau mutane na zuwa garin daga nesa, har daga Japan, don su taka hanyar da wata yarinya da ba a taɓa haifa ba ta taka. Dutsen yana nan tun fil azal. Littafi ne ya koya wa mutane kallonsa. Mu kuma ai ba baƙi ba ne a wannan fage. Kirarin garuruwa da waƙoƙin makaɗan fada cike suke da sunayen ƙofofi da koguna da tuddai. A rubutun zube ne kawai muka yi sakaci.

Sai dai a yi hattara, ba tallan gari muke nema ba. Marubucin da ya hau dutse ya ga inda ake fasa shi ana lodawa a tifa, ko ya ga zaizayar ƙasa ta ci gona, ko ledoji sun rufe bakin ruwa, wajibi ne ya faɗa. Mai talla yana ɓoye aibi, marubuci kuwa amana ya ɗauka.

Kammalawa

Saboda haka mun sake buɗe ƙofa zuwa fitowa ta gaba. Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kafin a ɗauki biro a ɗauki takalmi. A zaɓi wuri ɗaya, ko tudu ɗaya, ko mashigar kasuwa, ko ƙofar fada ranar hawan Sallah, a je sau biyu, da rani da damina in da hali. A tambayi tsofaffi sunan da suke kiran wurin da dalilin sunan, domin irin waɗannan sunaye da masu su suke tafiya kabari. A rubuta hanya yadda baƙo zai bi bai ɓata ba. In an gama, a soke sunan garin a sa na wani, a gani ko rubutun zai yarda.

Ga 'yar'uwarmu mai labarin lambu, mun mayar miki da rubutunki da 'yan gyare-gyare. In kin yanke wa'azin kin ƙara hanya, da yardar Allah shi za mu buɗe fitowa ta gaba da shi.