"Ai Ganye Ne": Sharhi A Kan Lambar Hukuma Da Ke Jikin Kwalaben Magungunan Gargajiya

Wannan takarda sharhi ce a kan wata 'yar gajeruwar magana da ta zama garkuwar masu tallar magani a garuruwanmu, watau "ai ganye ne", da kuma yadda tsarin da hukuma ta shimfiɗa yake ƙara wa maganar ƙarfi ba da niyya ba. Abin da ya ja hankalina na gan shi ne a Unguwar Boro, kudu da Kogin Kaduna, daura da Sabon Tasha, inda nake zaune. Unguwa ce ta ƙabilu da yawa waɗanda Hausa ke haɗa su a kasuwa, saboda haka da Hausa lasifikar mai magani take kiransu. Da yamma za ka ga mota ta tsaya bakin titi, an jera kwalabe a kanta, ana ambaton basir da shawara da sanyi da ƙarfin maza a numfashi guda. In wani ya nuna shakka, amsa biyu ce: ganye ne zalla, kuma ga lambar NAFDAC.

Kafin in taɓa lambar, ina roƙon a yi mini haƙuri in yi ɗan zagaye zuwa wata ƙasa, domin a can an riga an ga ƙarshen hanyar da muke bisa. A Tailan da Maleshiya akwai wata bishiya da ake kira kratom, masana tsirrai kuwa suna ce mata Mitragyna speciosa. 'Yar'uwar giyayyarmu ce ta fadama, wadda su ke kira Mitragyna inermis, sai dai Hausawa ba su san giyayya da sa maye ba. Tun kaka da kakanni manoma da leburorin can suke tauna ɗanyen ganyen kratom don su jure rana da wahalar aiki, kamar dai yadda ɗan dako a Kano yake neman kofin gadagi. Kaɗan daga cikinsa yana wartsake mutum, mai yawa kuwa yana kashe jiki ya kwantar da ciwo, domin sinadaransa suna kama wuraren da kodin da tiramol suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Wanda ya saba da shi, in ya rasa, sai ciwon gaɓoɓi da rashin barci da baƙin rai. Likitoci sun kuma rubuta labarin waɗanda ya taɓa musu hanta da waɗanda ya sa su jijjiga.

Gwamnatin Tailan ta haramta shuka shi a 1943, masana da yawa kuwa suna ganin kare harajin ofiyom ne ya sa, ba tausayin talaka ba. Haramcin bai hana tauna ganyen ba, har a 2021 aka cire shi daga jerin kayan maye. A Amurka an yi shelar niyyar haramta shi a 2016, jama'a suka yi ca, aka janye. To, abin lura shi ne inda ɓarnar ta fi fitowa. A Suwidin, wajen 2010, mutum tara suka mutu bayan shan wani haɗi mai suna Krypton da aka sayar musu a matsayin ganye, da aka bincika sai aka tarar an zuba masa wani sinadari dangin tiramol. A 2018 mutum 199 suka kamu da ciwon ciki na ƙwayar salmonela a Amurka daga gurɓataccen garin kratom. A 2025 kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta nemi a sa takunkumi a kan 7-OH, wani sinadari da yake ɗan ƙanƙani a cikin ganyen, amma 'yan kasuwa suke tattara shi su mai da shi ƙwaya. Watau tsakanin ganyen da manomi ya tsinka da abin da ke cikin kwalba akwai tafiya mai nisa, a cikin wannan tafiya ake ƙari, ake gauraye, ake ƙazanta, suna kuwa bai sake ba.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan. Zaƙami ganye ne, yana tsirowa a juji da kangaye, kowa kuma ya san yadda yake busar da maƙogwaro, ya buɗe ƙwayar ido, ya sa mutum sambatu. Magabatanmu ba su taɓa cewa ganye ba ya cuta ba. Mai magani na dā yana zaune a garinsu, an san gidansa, shi ke auna abin da zai ba ka, ya gindaya maka sharaɗi, in abu ya ɓaci a fada za a neme shi. Mai mota da lasifika kuwa gobe yana Kafanchan. Ya ari sunan gargajiya, ya bar alhakin da ke tare da ita.

Nan ne hukuma ta shigo, nan ne kuma sukata take. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da matakai biyu ga magungunan ganye. Na farko shi ne sa magani cikin jeri bayan an gwada an ga bai nuna guba ba, sai a ba shi lamba mai harafin L a ƙarshe, ta ɗan lokaci, wadda sai an sabunta. Wannan mataki bai ce maganin yana warkar da komi ba, shi ya sa aka wajabta rubuta wa a jikin kwalba cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin mai maganin ba. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan marasa lafiya. A takarda tsarin yana da ma'ana, ba na kuma cikin masu cewa a rufe ƙofa ga masu maganin gargajiya, domin mun ga abin da haramci ya haifar a Tailan. Amma gargaɗin da Ingilishi yake, da ƙananan baƙaƙe, lambar kuwa ba ta bukatar fassara. Mai talla yana ɗaga lamba sama ya faɗa da Hausa cewa gwamnati ta yarda, gargaɗi kuma ya yi shiru a gindin kwalba. Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji ko wa ya san ma'anar harafin nan na L, ba wanda ya ɗaga hannu, alhali gobe su ne malaman firamare.

Abin da ya faru a 2023 da maganin da aka fi sani da Baban Aisha ya isa misali. Jaridar Premium Times da cibiyar Dubawa suka sa aka gwada shi a kan dabbobi, aka ga alamun lahani a hanta da ƙoda. Bayan haka hukuma ta bayyana cewa a 2018 ta ba shi lamba don basir kawai, wa'adin lambar kuma ya riga ya ƙare, sa'an nan ta rufe inda ake haɗa shi. Shekaru ke nan ana sayar da shi a tashoshin mota da jerin cututtukan da ba a taɓa amincewa da su ba. Haka aka yi da kodin a 2018, sai da BBC ta nuna fim kafin a hana sarrafa ruwan tarin da shigo da shi. Tsarin da yake duba samfur sau ɗaya a ofis, ya bar kasuwa sai 'yan jarida sun tona, ya duba ganye ne ya bar kwalba. Wanda abin ya ci kuwa, ƙila a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa zai ƙare, ko a layin wankin ƙoda, ba tare da ya danganta ciwonsa da abin da ya sha ba.

Gyaran da ya fi kusa da hannun mahalarta wannan taro shi ne na harshe. Ya kamata gargaɗin ya zo da Hausa, a boko da ajami, da girman baƙaƙen lambar kanta, a kuma wajabta faɗinsa da baki a kowace talla ta rediyo ko ta lasifika, tare da ranar ƙarewar lambar da cutar da aka ba da ita dominta. Fassarar ma ba ƙaramin aiki ba ce. In aka ce "ba a tantance iƙirari ba", mai sayen kwalba a Unguwar Boro zai ɗauka maganar lauyoyi ce. In aka ce "hukuma ba ta yarda da shi ba", an yi wa mai magani ƙazafi. Abin da na fi karkata gare shi shi ne: "Hukuma ba ta tabbatar wannan magani yana warkarwa ba." Ina da ja a kan "warkarwa", domin wasu kwalaben ƙarfi suke alkawari ba waraka ba, zan kuwa so jin ra'ayin malamaina na sashen fassara a kan kalmar da za ta ɗauki duka biyun.