Bayanin Tsofaffin Kalmomin Hukunci cikin Kitabul Farƙi

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Allah shi yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayenai da sahabbainai.

Bayan haka, ya ku almajiran Boɗinga da Shagari, ku sani Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda yaz zamna nan Sifawa kamin shi koma Sakkwato ga 1815, ya jera al'adun sarakunan Haɓe cikin Kitabul Farƙi. Da Larabci yar rubuta shi, amma sunayen zalunci ya bar su da Hausa, don wanda anka zalunta shi gane abin da anka yi mai. Wanga shi na kyawon littafin. Nan kuma tarkonai yake, don kalma tana tsufa, ma'anatta ta sauya, mai karatu ba malami shi zame.

Fasali. Gaisuwa ba sallama ta ba. Dukiya ta wadda aka kai ma mai mulki don neman fada garai. Annabi ya tsauta ma Ibnu Lutbiyya bisa irinta sa'ad da yad dawo daga karɓar zakka.

Gargaɗi ba wa'azi na ba. Tilasta mutane fita yaƙi na, wanda yaƙ ƙi a ci shi tara.

Gado ba mirasi na ba. Cinye dukiyar mamaci na da sarki ka yi, alhali Allah ya raba ta cikin Suratun Nisa'i.

Kamuwa kame dabbobin mutane ta, ba da izninsu ba, don ɗaukar kayan sarki.

Fasali. Jangali shi af fi ruɗi, don Nasara sun ci gaba da amsatai bayan 1903, har wasu sunka zaci zakka na. Ku bambanta. Zakkar shanu tana da nisabi, shanu 30 maraƙi guda, bayan shekara ta kewayo, a ba jinsi 8 da anka ambata cikin Suratut Tauba. Jangali yankawar sarki na, zuwa taskatai.

To, ku riƙe ƙa'ida: hukunci yana bin haƙiƙar abu, ba sunanai ba. Kun ga azzalumi ya kira ƙwace gado, ya kira rashawa gaisuwa. In an zo muku da karɓa mai sabon suna, ku tambayi wa ka amsa, da wace hujja, ina taka zuwa.

Allah shi na masani. Tammat bi hamdillahi.