Wasiƙar da babu sa hannu

Broken Flowers, fim ɗin Jim Jarmusch na 2005 da ya ci kyautar Grand Prix a Cannes, labarin Don Johnston ne, tuzuru mai furfura da ya tara kuɗi a harkar kwamfuta. Ran da budurwarsa ta kwashe kayanta, sai ga wasiƙa ruwan hoda, ba suna: wai yana da ɗa mai shekara 19. Maƙwabcinsa Winston ya tsara masa tafiya, ya bi tsofaffin ƴammatansa huɗu gida-gida. Ta biyar kabarinta ya ziyarta.

Wasu cikinmu sun ce fim ɗin sanyi gare shi, mutum zaune bisa kujera yana kallon bango. Ni dai ban yarda ba. Bill Murray da shiru yake wasa, kuma namijin da ya saba gudu haka nadamarsa take, ba kuka, ba hayaniya. Kiɗan Mulatu Astatke na Habasha da yake saurare cikin mota ya fi bakinsa magana.

Inda nake da ja shi ne matan. Kowace an ba ta mintoci kaɗan, kamar tashar da direba ke tsayawa ya sha ruwa ya wuce. Wadda ta rubuta wasiƙar ita ta yi renon yaro shekara 19 ita kaɗai, amma kyamara Don take tausayi! Penny kawai, wadda Tilda Swinton ta fito a matsayinta, aka bari ta nuna fushinta sosai, can ne ma ya sha naushi.

A ƙarshe ya saya wa wani saurayi abinci, ya soma yi masa magana irin ta uba. Yaron ya tsorata, ya ruga da gudu.