Iƙirari da Sharaɗin Hankali: Tsokaci kan Hukuncin Dutse na 2002

A shekarar 2002, shekara biyu bayan gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jigawa, wata kotun shari'a a Dutse ta yanke wa wani mutum hukuncin jifa bisa laifin fyaɗe. Ta dogara ne da iƙirarinsa, alhali ba shi da lauya. A 2003 kotun da aka ɗaukaka ƙara gare ta ta rushe hukuncin saboda taɓin hankali.

Kuskuren kotun farko na fiƙihu ne. Malaman Malikiyya sun shar'anta hankali kafin iƙirari ya inganta. Ko Ma'izu, sai da Annabi (SAW) ya bincika lafiyar hankalinsa kafin a tsayar masa da haddi. Kotun ta tsallake wannan mataki, ga shi kuwa shubuha tana kawar da haddi.

Nauyin bai tsaya kan alƙali kaɗai ba. Jihohi sun yi rige-rigen kafa dokokin cikin zafin siyasa, horar da alƙalai kuwa bai samu irin wannan himma ba. Wajibi ne majalisar dokokin Jigawa ta tilasta binciken likita da samar da lauya kafin kowace kotu, daga Dutse har Buji, ta karɓi iƙirarin haddi.