Taswirar ma'anoni a koyar da noma: da wane harshe ake ƙulla zaren?

A shekarar 1972 ne Joseph Novak da abokan aikinsa a jami'ar Kwanel ta Amurka suka fito da taswirar ma'anoni, wadda ake kira carte conceptuelle da Faransanci. Sun ɗora ta bisa ra'ayin David Ausubel, wato ɗalibi yana koyon sabon abu ne ta hanyar ɗaure shi ga abin da ya riga ya sani. Ana rubuta ma'anoni cikin akwatuna, a haɗa su da layi, a sa kalmar haɗi bisa kowane layi. Ba mu musun amfaninta ga malamin noma, don tana nuna masa inda fahimtar ɗalibi ta karkace. Ƙorafinmu na harshe ne.

Na farko, akwatunan. Ɗan manomi daga Maradi ko Damagaram ya zo makaranta yana rarrabe gero mai saurin nuna da maiwa mai jinkiri, yana kuma rarrabe jigawa da fako da fadama. In an ce ya zana taswirarsa da Faransanci kaɗai, kalmar mil ta haɗiye gero da maiwa. Ke nan an share ainihin sanin da Ausubel ya ce a gina a kansa.

Na biyu, layukan. Mu ɗauki gawo. Ɗalibi na iya rubuta «gawo, fertilisation, gona», malam ya ba shi maki, alhali bai faɗi kome ba. Da Hausa kuwa aikatau ya tilasta masa bayani: gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani dabbobi suna taruwa ƙarƙashinsa don ƴaƴansa da inuwarsa, su bar taki. Kowane layi yana da mai aikatawa da lokacinsa. Taswirar da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa ba ta da gurbin wannan juyi na shekara, sai an saka shi cikin kalmar haɗi.

Shawararmu ita ce ɗalibi ya fara zanawa da harshen da ya koyi noma da shi, sannan ya mayar da ita Faransanci. Wuraren da fassarar ta cije, nan ne ya kamata malam ya fara darasi. In ba haka ba, za mu yaye malaman gona waɗanda manomi zai saurara cikin ladabi, ya koma ga abin da ya saba.