Mai Razana da Mai Sabo

Sa'ad da aka fara nuna fim ɗin The Exorcist a Amurka a ƙarshen 1973, jaridu sun ba da labarin 'yan kallo da suka suma, waɗansu kuma suka fice tun ba a tashi ba. Labarin wata yarinya ne da aljani ya shiga, da firistoci biyu da suka zo fitar da shi. A ƙarshe Fada Karras ya kira aljanin ya dawo kansa, ya faɗo ta taga ya mutu domin yarinyar ta tsira. Nan zuciyar labarin take. Amma William Friedkin, wanda ya ba da umarni, ya cika idon mai kallo da koren amai da wuya mai juyawa, har hadayar ta ɓace. Mutane suka koma gida da tsoro kaɗai.

Derrick, wasan 'yan sanda na talabijin ɗin Jamus, ya yi kashi 281 daga 1974 zuwa 1998. Jini kaɗan ne a ciki. Sufeto yakan yi tambaya, ya saurara, har mai laifi ya gaji da nauyin asirinsa. Iyali sukan tashi da kwanciyar rai, gama gaskiya ta fito. Wannan gwaninta ce.

Duk da haka akwai tarko. Kowane kashi da gawarsa, mai kallo kuwa yana cin tuwonsa, ba ya makoki. Sabo turken wawa. Wanda ya suma a sinima ya fi shi sanin nauyin mugunta.