Masu Koya wa Enzaim Cin Roba

Da an ɗauke ruwan sama a unguwar Mafoni ta Maiduguri, za ka tarar gorunan lemo da na ruwa sun toshe kwatoci. Masu zoɓo da kunun aya su sayi masu kyau su wanke, 'yan bola-jari su kai sauran wurin masu niƙa. Matsalar ita ce duk sanda aka narka roba da wuta sai ingancinta ya ragu, a kwana a tashi ta koma bola.

Shi ya sa aikin wasu masana a Japan ya burge ni. Kohei Oda da abokan aikinsa sun ɗebo samfuri 250 na ƙasa da laka da ruwan datti a kewayen wata ma'aikatar sarrafa goruna a birnin Sakai, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A 2016 suka sanar da samun bakteriyar Ideonella sakaiensis, wadda robar PET, wato ta gorar ruwa, ta zame mata abinci.

Wadda ta taɓa naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi ta ga aikin enzaim da idonta. Robar PET doguwar sarƙa ce ta sinadarai biyu. Bakteriyar tana fitar da enzaim mai suna PETase ya daddatse sarƙar, na biyu, MHETase, ya ƙarasa, sinadaran su rabu tsaf yadda suke kafin a haɗa su. Da su ake ƙera sabuwar gora mai ingancin ta farko.

Sai dai bakteriyar ba ta da sauri: mako shida take yi kan siririyar roba. A nan gwanintar take. Masanan kamfanin Carbios na Faransa suka ɗauki wani enzaim da aka samo a takin ruɓaɓɓen ganye, suka sauya wurare huɗu kacal a jikinsa don ya jure zafi. A 2020 suka nuna yana wargaza kashi 90 cikin ɗari na robar a awa goma, a zafin da ya kai maki 72. Kafin nan sai an niƙa gorar, an narka, an sanyaya da sauri don ta saki jiki, domin enzaim ba ya kama wurin da ya cure.

Ledar fiya wata kam, wadda ta fi damunmu, wani nau'in roba ce, kuma wannan enzaim ba ya taɓa ta. Ke nan mai ware gora daban, leda daban, yana riƙe da matakin farko na aikin.

Ina roƙon ɗaliban kimiyya na Jami'ar Maiduguri su fara ɗibar ƙasar bololin garin nan suna gwadawa. Bakteriyar da ta rayu a zafin bazarar Borno ta cancanci a duba ta.